Alewar Murhu da Wainar Wata: Tarihin Kayan Zaƙin Bukukuwan Sinawa

Idan ya rage mako guda shekara ta ƙare a lissafin watan Sinawa, wato ranar 23 ga wata na goma sha biyu a arewacin ƙasar, ko 24 a kudu, akwai hidimar da ake yi a madafi. A gargajiyar mutanen Sin, kowane gida yana da hoton takarda manne a bango bisa murhu, hoton wani abin bautarsu da suke kira Zao Jun. Sun ɗauka shekara guda cur yana nan yana kallon abin da ake yi a gidan: wa ya zubar da abinci, wace amarya ta yi wa uwar miji tsiwa, wane ɗa ya ƙi jin maganar ubansa. A ranar ce, a cewarsu, yake tashi ya kai rahoto sama. To kafin a cire hoton a ƙona shi a matsayin sallama, sai a ajiye masa alewa mai danƙo, wasu har su shafa masa a leɓe. Masu kara suna cewa don bakinsa ya yi zaƙi ne ya faɗi alheri. Waɗanda ba sa ɓoye-ɓoye kuwa suna cewa don haƙoransa su manne ya kasa cewa komai. Toshiyar baki dai a fili. Bayan an gama, yaran gida ne suke cinye alewar.

Wannan alewa babu rake a cikinta, kuma daga nan tarihin ya soma. Ana jiƙa alkama ko sha'ir har ta tsiro, a daddage tsiron, a cuɗa shi da dafaffen gero ko shinkafa mai danƙo, a rufe a wuri mai ɗumi. Cikin wasu sa'o'i tsiron zai narkar da hatsin ya koma ruwa mai zaƙi. Sai a tace, a ɗora a wuta har ya yi kauri, sa'an nan a rataya shi a ƙugiya ana ja ana ninkawa har ya yi fari. A Beijing da kewaye ana yin ta dunƙule-dunƙule kamar 'yar kabewa mai kogo a ciki, suna kiranta tanggua. Aikin hunturu ne, domin da zafi ya taɓa ta za ta narke ta zama tiɓis. Sinawa sun san wannan zaƙin tsiro tun kafin su san sukari da ɗaruruwan shekaru. Sunansa ya zo a Shijing, tsohon kundin waƙoƙinsu wanda aka tara tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi da zuma da busassun 'ya'yan itace su ne iyakar zaƙin da talakan arewacin Sin ya sani, kuma ba kullum yake samu ba, tunda hatsin da za a ci ne ake sadaukarwa a yi shi.

A ganina wannan ne mabuɗin fahimtar komai. Abin da yake da wuyar samu shi ake ajiye wa baƙo da magabata da babbar rana. Akwai kuma batun kalanda. Sinawa suna bin wata ne, amma suna cusa ƙarin wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19, saboda haka bukukuwansu ba sa zagaya yanayi kamar yadda Sallah take zagayawa. Sabuwar shekara kullum tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, cikin sanyi, bayan an gama girbi an ajiye fartanya. Bikin wata kuma kullum a kaka yake. Shi ya sa kowane biki ya samu abin ci nasa da ya manne masa. A ƙarni na 6, wani malami mai suna Zong Lin ya rubuta littafi kan bukukuwan shekara na yankin tsakiyar kogin Yangtze, a ciki ya ambaci cin wannan alewa mai danƙo a ranar farko ta shekara, da fatan haƙora su yi ƙarfi. A wannan ƙarnin ne kuma Jia Sixie ya rubuta Qimin Yaoshu, littafin noma da girki, inda ya bayyana yadda ake dafa zaƙin tsiro da yadda ake soya ƙullu mai zuma a cikin mai.

Soye-soyen ƙullu ba su yawaita ba sai da dutsen niƙa ya yaɗu a zamanin daular Han, wadda ta yi mulki daga shekara ta 206 kafin Miladiyya zuwa 220 bayanta. Kafin nan galibi dafa alkama ake yi tsabarta. Da gari ya samu, hanyar fatauci ta yamma kuma ta buɗe, sai ga riɗi, ga gurasa mai riɗi a ka irin ta mutanen tsakiyar Asiya. Kuma muna da shaida ta gani da ido, abin da ba kasafai ake samu a tarihin abinci ba. A maƙabartar Astana da ke kusa da Turpan, a yankin Xinjiang na yau, bushewar sahara ta adana abincin da aka binne tare da matattu a zamanin daular Tang. A 1915 mai binciken nan Aurel Stein ya tono ƙananan kayan fulawa da aka yi wa siffar furanni da murɗe-murɗe, wasu da alamar abin zaƙi a tsakiya. Wasunsu suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan har gobe. Sun haura shekara dubu, amma wanda ya ga hotonsu zai rantse daga shagon biredi aka ɗauko su jiya.

Rake ya daɗe a kudancin Sin, amma shan ruwansa ake yi ko a dafa shi ya zama maɗi. Sanin yadda ake mai da shi sukari mai ƙwaya daga Indiya ya zo. Tarihin daular Tang ya rubuta cewa a shekara ta 647 Sarki Taizong ya aika manzanni ƙasar Magadha, inda jihar Bihar take a yau, su koyo dafa sukari, sa'an nan ya umarci birnin Yangzhou ya kawo rake a gwada. Mai karatu ya tsaya ya duba: sarkin da ya fi kowa ƙarfi a gabashin duniya a lokacinsa, yana tura jakadu wata ƙasa saboda sirrin tukunya. Duk da haka sukari bai sauko hannun talaka nan da nan ba. Ya daɗe yana matsayin magani da kayan fada. Sai a ƙarni na 12 ne muka ga Wang Zhuo, mutumin Suining a lardin Sichuan, ya rubuta littafi sukutum kan dunƙulen sukari mai kama da ƙanƙara, sana'ar da garinsu ya yi suna a kanta. Zuwa 1637, Song Yingxing ya bayyana a littafinsa Tiangong Kaiwu yadda ake tsiyaya ruwan yumɓu a kan mazarƙwaila har ta yi fari. A lokacin lardunan Fujian da Guangdong sun cika da gonakin rake, jiragen ruwa suna fita da sukarin Sin zuwa Japan da wasu ƙasashe.

Zamanin daular Song, 960 zuwa 1279, shi ne lokacin da kayan zaƙi suka fito daga fada suka shiga kasuwa. Abin da muka sani game da wannan, mafi yawansa daga bakin mai kewa ya fito. A 1127 mayaƙan Jurchen suka ci Kaifeng, babban birnin daular, jama'a suka gudu kudu. Shekara 20 bayan haka wani daga cikin 'yan gudun hijirar, Meng Yuanlao, ya zauna ya rubuta duk abin da ya iya tunawa na birnin da ya rasa: tituna, gadoji, kasuwannin dare, sunayen shaguna, da jerin abubuwan ci masu yawa, ciki har da 'ya'yan itace da aka dafa da zuma ko sukari. Shi ne ya ba mu labarin cewa a Kaifeng, ranar sallamar Zao Jun, dusar giya ake shafa wa ƙofar murhu don a bugar da shi. Ashe dabarar hana shi magana ma tana da tarihinta. Ga wannan zamani ne kuma ake jingina tanghulu, wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake tsirewa a tsinke a tsoma cikin narkakken sukari, su bushe da ƙyalli kamar gilashi. Ana cewa wani likita ne ya ƙirƙiro shi don ya warkar da matar Sarki Guangzong. Ban ba wannan labari muhimmanci ba. Kusan kowane abin ci na Sinawa yana da sarki ko jarumi da aka rataya masa daga baya.

Dubi niangao, tuwon sabuwar shekara. Garin shinkafa mai danƙo ne ake kwaɓawa, a kudu da mazarƙwaila, a arewa sau da yawa da jar magaryar Sin wadda ta fi tamu girma da tsoka, ko ma a yi shi da gero mai danƙo maimakon shinkafa. A turara shi sa'o'i, ya huce ya daskare, ya yi makonni bai lalace ba. In za a ci, a yanka a soya, mutanen Guangdong su tsoma shi a ƙwai tukuna. A ƙauyukan Zhejiang da Jiangxi dakawa ake yi: dafaffiyar shinkafa a turmin dutse, ƙarti suna karɓa-karɓa da taɓarya, wani yana juya ƙullun da jiƙaƙƙen hannu tsakanin saukar taɓarya da tashinta. Duk wadda ta taɓa dakan nakiyar biki ta san irin gumin. Labarin da ake bayarwa shi ne wai Wu Zixu, wazirin ƙasar Wu wanda ya mutu a 484 kafin Miladiyya, ya sa an binne tubalan garin shinkafa a gindin ganuwar Suzhou, da yunwar yaƙi ta zo mutane suka tona suka ci suka rayu. Babu wata shaida ta zamaninsa da ta tabbatar da haka. Abin da ya tabbata ya fi labarin ban mamaki: magina a Sin sun daɗe suna haɗa kunun shinkafa mai danƙo da farar ƙasa su yi kwaɓin gini, kuma an same shi a ganuwoyi da kaburbura na zamanin daular Ming. Dalilin da talaka zai faɗa maka na cin niangao kuwa mai sauƙi ne. A harshensu sunan tuwon yana kama da cewa shekara ta ɗaukaka, sai cin sa ya zama fatan bana ta fi bara.

Bikin sabuwar shekara kwana 15 ne, ana rufe shi da daren fitilu, daren da wata ya fara cika a shekarar. Abin cin daren shi ne ƙananan curi na garin shinkafa masu zaƙi a ciki, a dafa a ruwa a sha da romonsu. An san su tun zamanin Song. Mutanen kudu suna kwaɓa ƙullu su naɗe abin zaƙin da hannu, suna kiransa tangyuan. Mutanen arewa kuwa suna yanka daskararren abin zaƙin gutsi-gutsi, su tsoma a ruwa, su zuba a babban faifai mai busasshen gari su yi ta girgizawa, a sake jiƙawa a sake girgizawa har ya yi girma, suna kiransa yuanxiao. Wanda ya fi suna shi ne na birnin Ningbo, mai baƙin riɗi da sukari da kitse, wanda in ka ciza zai kwararo da zafi. A riƙe maganar kitsen nan, za mu dawo kanta.

Na bikin tseren kwale-kwale, ran 5 ga wata na biyar, ba sai na daɗe ba. Zongzi ne, shinkafa mai danƙo a naɗe cikin ganyen gora a ɗaure da zare. Ana danganta shi da Qu Yuan, mawaƙi kuma bafaden ƙasar Chu, wanda ya faɗa kogin Miluo a 278 kafin Miladiyya, wai jama'a suka riƙa jefa shinkafa a ruwa saboda shi. Rubutun da ya fara haɗa zongzi da wannan mutum bai zo ba sai bayan fiye da shekara 700 da mutuwarsa. Har yau dai arewa da kudu ba su daina musu ba, ko mai zaƙi da magarya ne na gaskiya ko mai nama da gishiri.

Sarkin kayan zaƙin Sinawa shi ne yuebing, wainar wata, ta bikin tsakiyar kaka, ran 15 ga wata na takwas. Kuma ita ce ta fi kowa ɗaukar ƙarya. Labarin da kowane mai rakiyar 'yan yawon buɗe ido zai ba ka shi ne, lokacin da Mongol suke mulkin Sin, 'yan tawayen Zhu Yuanzhang sun ɓoye 'yan takardu a cikin wainar suna sanar da daren da za a tashi, aka raba gida-gida, dare ɗaya aka kifar da mulkin. Gaskiya ne Zhu ya kori Mongol ya kafa daular Ming a 1368. Amma yaƙi ne na shekaru fiye da goma, da rundunoni da jiragen ruwa, kuma littattafan tarihin lokacin ba su san zancen takarda a cikin waina ba. Labarin ya yi ƙarfi ne daga baya, musamman a ƙarshen daular Qing, lokacin da masu kishin ƙasa suke neman tunzura jama'a kan wasu sarakunan baƙi, wato Manchu.

Ga abin da takardu suka nuna. Sunan yuebing ya bayyana a wani littafi na Wu Zimu kan birnin Hangzhou a ƙarshen ƙarni na 13, amma a can ɗaya ce kawai daga cikin kayan ciye-ciyen da ake sayarwa ko yaushe, ba ruwanta da wani biki. A zamanin Ming ne marubuta irin su Tian Rucheng suka fara ambaton cewa mutane suna aika wa juna ita a bikin tsakiyar kaka, kewayenta yana nufin haɗuwar iyali. Nan al'adar ta kafu: a ajiye tebur a tsakar gida da dare, a jera waina da kankana da sauran 'ya'yan itace, mata su jagoranci hidimar, sa'an nan a yanka babbar waina daidai da yawan mutanen gidan, har da wanda yake tafiya, a ajiye masa kasonsa. A 1792 Yuan Mei, mawaƙi kuma mashahurin mai son abinci, ya fitar da littafin girkinsa, a ciki ya yabi wata wainar wata da ake yi da garin Shandong, da ƙwallayen 'ya'yan itatuwa, da 'ya'yan kankana, da dunƙulen sukari, da man alade.

Kowane yanki kuma ya ja ta wajensa. Ta Suzhou ɓawonta hawa-hawa ne yana wargajewa a hannu. Ta Yunnan naman alade mai gishiri ake haɗawa da zuma. Ta Beijing tana da tauri, har 'yan garin suna yi mata ba'a da kansu. Wadda ta ci duniya ita ce ta Guangzhou: ɓawo siriri mai sheƙi, an danna shi a mazubin katako mai zane, ciki kuma niƙaƙƙen ƙwayar badon Sin da aka daɗe ana tuƙawa da sukari da mai, a tsakiya gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri, wadda in an yanka take fitowa kamar wata. Shagon Lianxianglou, wanda ya samo asali a Guangzhou a 1889, da wannan haɗi ya yi suna. Dalilin yaɗuwarta ba wai ta fi sauran daɗi ba ne. Mutanen Guangdong da Fujian su ne suka fi fita ƙetare, zuwa Malaya da Singafo da Amurka, suka tafi da nasu, duniya ta ɗauka shi ne na Sin duka.

Haka zancen yake ga tiren baƙi na sabuwar shekara, akwati mai ja ko baƙin fenti, mai gida shida ko takwas a kewaye da ɗaya a tsakiya. Kowane gida da abin da ke ciki da fatan da yake ɗauke da shi: ƙwayar bado mai sukari don haihuwa, kwakwa don zumunci tsakanin uba da ɗa da jika, ƙananan lemo don arziki, gyaɗa don tsawon rai, jajayen 'ya'yan kankana a tsakiya. Baƙo ba ya tashi bai ɗauki wani abu ba, a wasu gidajen Guangdong da Hong Kong kuma yakan bar jar ambulan ta kuɗi a cikin tiren. Ana kallon wannan tire a matsayin tsantsar gargajiya, amma in ka bi asalin abin da ke ciki za ka ga taron baƙi ne. Kankana 'yar Afirka ce, ta isa arewacin Sin wajen ƙarni na 10. Gyaɗa daga nahiyar Amurka ta zo a ƙarni na 16, bayan jiragen Fotugal da Sifen sun fara zuwa gabas. Furen nan mai bin rana, wanda 'ya'yansa a yau suka fi kowane abin ɓarza farin jini a daren sabuwar shekara, shi ma daga Amurka yake. Sachima, soyayyen ƙullun ƙwai da ake haɗewa da ruwan sukari a yanka murabba'i, Manchu ne suka shigo da shi Beijing bayan sun ci birnin a 1644. Sinawan Malesiya da Singafo kuma sun ƙara nasu, biskit mai abarba, ita ma abarbar 'yar Amurka ce.

Ƙarni na 20 ya so ya kashe duk wannan, har sau biyu ta hanyar doka, sau ɗaya ta hanyar yunwa. Da aka kafa jamhuriya a 1912 aka ɗauki kalandar Turawa, a ƙarshen shekarun 1920 kuma gwamnatin Kuomintang ta yi yunƙurin soke tsohuwar sabuwar shekara gaba ɗaya. Jama'a suka yi kunnen uwar shegu, cikin 'yan shekaru gwamnati ta haƙura. A 1967, cikin Juyin Al'adu na Mao Zedong, aka soke hutun bikin aka ce kowa ya tafi aiki, hoton murhu da hadaya ga magabata suka zama laifi. Hutun bai dawo sosai ba sai wajen 1980. Tsakanin waɗannan biyun akwai babbar yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane. Tun 1955 aka fara raba hatsi da takardar rabo a birane, ba a daina ba sai 1993. Mai da sukari da nama duk sai da takarda. Tsofaffin Beijing har yanzu suna ba da labarin yadda gab da sabuwar shekara ake ba kowane mutum ɗan awon gyaɗa da 'ya'yan ɓarza, a yi layi cikin sanyi a karɓo, uwa ta kulle a akwati kada yara su taɓa kafin ranar.

A cikin wannan ƙunci ne wata alewar kamfani ta shiga sahun gargajiya. White Rabbit, alewar madara mai hoton farin zomo, ta fito da wannan suna a Shanghai a 1959, da wata siririyar takarda a ciki wadda ake ci tare da ita. Wanda ya je Shanghai ya dawo da ita ƙauye ya yi babbar tsaraba, amaryar da aka raba ta a bikinta kuma ta fita kunya. A 2008 badaƙalar gurɓatacciyar madara ta shafe ta har aka janye ta daga kasuwanni na wani lokaci, amma ta dawo, kuma da wuya ka buɗe tiren sabuwar shekara ba ka gan ta ba.

Da arziki ya zo, sai matsalar ta juye. Wainar wata ta tashi daga abin da iyali suke yankawa ta zama abin da ɗan kwangila yake kai wa jami'i. Aka riƙa sa ta a akwatin katako mai tsada, a cusa kwalbar giya ko agogo a gefe, har aka ƙirƙiro takardun karɓar waina da ake saye da sayarwa ba tare da kowa ya ga wainar ba. A 2013 hukumar ladabtarwa ta Jam'iyyar Kwaminis ta haramta sayen wainar wata da kuɗin gwamnati don kyauta. A 2022 aka ƙara da ƙa'idoji: marufi kada ya wuce hawa uku, ba zinariya ba azurfa ba katako mai daraja, duk akwatin da ya haura yuan 500 kuma hukuma za ta sa masa ido. Matasa dai da yawa ba sa son ta gargajiyar, suna cewa ta cika zaƙi da maiƙo. Sun fi son mai sanyin ɓawo irin ta Hong Kong, ko mai cakulan. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa bikin sabuwar shekarar Sinawa cikin jerin al'adun duniya da take karewa, a daidai lokacin da mafi yawan gidajen birni suke sayen niangao a babban kanti, ba su da turmi ba su da murhun da za a manna hoto.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba a cika faɗa ba, kuma ya shafe mu. Musulmin Hui, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 11, suna da nasu kayan biki. Ranar Ƙaramar Sallah da Babba, a Ningxia da Gansu da Qinghai, ana soya youxiang, faffaɗan ƙullu da ake rabawa maƙwabta, da sanzi, siraran zaren ƙullu da ake murɗawa a soya a tula a faranti. A Beijing kuwa, da yawa daga kayan zaƙin da ake kira na gargajiyar birnin a hannun Musulmi sana'arsu take, musamman a unguwar Niujie mai tsohon masallaci. Can za ka sami aiwowo, farin curin shinkafa mai riɗi da sukari a ciki, da layin mutane, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suna jiran yuanxiao a daren fitilu. Musulmin da ke wannan sana'a da man gyaɗa ko na riɗi suke aiki. Riɗin kuwa, mafi yawan wanda Sin take shigowa da shi a yau daga Afirka yake zuwa, Nijar da Sudan da Habasha suna cikin manyan masu sayar mata, Nijeriya ma tana aikawa.

Saboda haka ɗan kasuwarmu da ke zirga-zirga Guangzhou, wanda ya riga ya san masana'antu suna rufewa makonni a lokacin sabuwar shekara, in abokin cinikinsa ya miƙo masa akwatin wainar wata a kaka, ya karɓa da hannu biyu, haka ladabinsu yake. Amma kafin ya kai baki ya tambaya, domin wainar Suzhou da tangyuan na Ningbo da wasu da dama da man alade ake yin su a asali. Akwai na halal a shagunan Musulmi, a jikin kwalinsu akwai tambarin da suke kira qingzhen, galibi kore, sau da yawa da rubutun Larabci a gefe. Shi zai nema.